Faifan da Babu Muryar Majvor

Litinin, 2 ga Oktoba

Tuva ta kira daga Malmö da rana. "Baba, ka gani kuwa? Sun sake fito da fim ɗin Mama a faifai, an wanke shi tas." Na ce ta rage murya, uwarta tana falo.

Fim ɗin zanen nan na Japan, na 'yar masuncin da ta fita teku neman jirgin ubanta, ita da tsohon karensu. A 1986 matata Majvor, wadda nake kira Maj, ita ce ta ɗora wa yarinyar murya da yarenmu. Shekararta talatin da ɗaya, ga cikin Tuva a gaba, amma in ta buɗe baki sai ka rantse 'yar shekara tara ce. Duk gidan da ke da yara a Sweden ya ga kaset ɗin. Namu kuwa, injin bidiyo ya cinye shi tun da daɗewa, ko a jikinmu. Mai muryar tana gida tana yi mini faɗa a kan safa, wa zai yi kukan kaset?

Tun ciwon da ya buge ta a watan Maris, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Abin da ya rage mata sai "ai to", da wani zagi guda da ban taɓa ji a bakinta ba duk zamanmu.

Na aika a kawo faifan. Ban faɗa mata ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ya iso. Na ba ta miyar wake da fanke, na jira ta yi barcin rana, na sa shi.

Teku ta fito shuɗiya har ta ba ni tsoro. Kare ya yi haushi. Yarinya ta juyo ta kira babanta.

Ba Maj ba ce.

Wata ce can, ƙarama, muryarta fes kamar ta tallar man goge baki. Na danna ko'ina. Akwai Japananci, akwai Turanci, akwai wannan sabuwa. Shi ke nan.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na ɓoye shi a bayan littattafan girki. Ruwa tun safe.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na koma shafin kantin a intanet don in ga ko kuskure aka yi mini, sai na tarar da ra'ayoyin masu saye a ƙasa, birjik. Ban san mutane suna da wannan lokacin ba. Wani yana ta kumfar baki wai launin sararin sama ya yi ja da yawa. Wani ya ba da tauraro biyu don kwalin ya zo a lotse. Wani ya jera bugun Jamus da na Japan da namu yana auna su kamar mai sayen saniya.

Sai na zo kan wannan, tauraro biyar: "Madalla da suka jefar da tsohuwar muryar nan. Kamar gwaggo mai shan taba ce ta sa kayan yara."

Maj ba ta taɓa shan taba ba. Mutum goma sha wani abu sun danna cewa ra'ayin ya amfane su. Amfanin me?

Akwai kuma na wata Birgit daga Piteå, tauraro ɗaya: "Ina muryar da ta raine ni? Lokacin da iyayena suke rabuwa, kullum ita nake sawa in rufe ƙofa." Na karanta shi har kofi ya huce.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na kira kamfanin da ya fitar da faifan. Wani saurayi mai ladabi, daga ji ba a haife shi ba lokacin. Ya ce ɗakin da aka naɗi muryoyin ya rufe tuntuni, faifan asali kuma ba wanda ya san inda ya shiga. "Yi haƙuri fa. Amma sabuwar ta fi tsabta sosai, ka saurara ka ji."

Na ce masa matata ce. Ya ce, "Ayya. A gaishe ta."

Wato ba cire ta suka yi ba. Ɓacewa ta yi, kamar lema a bas.

Talata, 17 ga Oktoba

Na rubuta nawa ra'ayin. Tauraro ɗaya. Na sa sunanta cikakke, na ce ita ce ta yi kukan nan na cikin kwalekwale sau ɗaya tak ba maimaici, har mai naɗar sauti ya cire gilashinsa ya goge. Wani ya amsa: "Kaka, nan wurin maganar faifai ne, ba wurin ta'aziyya ba." Na mayar masa. Ya mayar mini. Ni Rune, tsohon malamin lissafi, ina cacar baki da wanda ya sa hoton kyanwa a matsayin fuskarsa.

Ina cikin haka Maj ta yi ta "ai to, ai to" daga falo. Na ce ina zuwa. Da na je, bargonta ne ya zame ƙasa, ƙafarta ta yi sanyi ƙalau.

Asabar, 21 ga Oktoba

Tuva ta zo da burodin kirfa. Ta gan ni a gaban kwamfuta, ta karanta ta bayan kafaɗata, ta ja ƙofa ta rufe.

"Baba, wai me kake nema a nan?"

Na ce uwarta.

"Mama tana falo."

Na ce ta san abin da nake nufi. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta so ta sani. Na ce ni na fara manta yadda take kiran sunana, in na rufe ido sai in ji kalmomin amma babu sautin. Ban yi niyyar faɗa ba. Sai ta ce, "To ka je ka yanka burodin, ni zan wanke mata kai."

Ta cikin bango na ji suna dariya su biyu. Ban san a kan me ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Sabbin ra'ayoyi. Babu wanda ya ambace ta. Duhu yana shigowa tun kafin a sha kofin yamma.

Litinin, 30 ga Oktoba

Birgit ta Piteå ta amsa mini a ƙarƙashin ra'ayina. Tana da tsohon kaset ɗin, yana cikin kwali a gidan mahaifiyarta. Za ta aiko mini aro. Maƙwabcinmu Evert na ƙasan bene yana da injin bidiyo a ɗakin ajiya, ya ce, "Ɗauka, Rune, in ya yi aiki ka sanar da gidan tarihi."

Yau na ci abinci sosai, karon farko cikin makonni.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Kaset ya zo jiya. Kwalin ya koɗe, an rubuta BIRGIT da alƙalamin launi, rubutun yarinya. Yau bayan abincin rana na haɗa wayoyi, na gyara wa Maj filo, na ce, "Tsohuwa, ina da wani abu dominki." Hoto yana rawa, launi ya tafi, amma da yarinyar ta juyo ta kira babanta, ita ce. Ita ce sak. Har ɗan numfashin nan da take ja kafin kalma. Na zauna a ƙasa.

Ban kalli Maj ba. Talabijin nake kallo, ban san tsawon lokacin ba.

Ƙarar kofi na ji ya daki bango. Da hannun hagu ta jefa. Fuskarta duk hawaye, bakinta yana motsi yana neman kalma, babu abin da ya fito sai zagin nan, ta yi ta maimaita shi, can kuma a talabijin muryarta tana zuba magana kamar ruwan famfo. Na rasa inda maɓallin yake. Sai da na fizge waya daga bango.

Na ce, "Maj, na ɗauka za ki ji daɗi." Ta juya fuska ga taga.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Ta ƙi karɓar abinci daga hannuna. Ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida taimako ce ta ba ta.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Har yanzu. In na shigo sai ta rufe ido. Na zauna a kicin ina jin agogo.

Na mayar wa Evert injinsa. Ya ce, "Ya yi aiki?" Na ce ya yi.

Na naɗe kaset ɗin Birgit na kai gidan waya. Kafin in mayar da injin na so in sake kallo ni kaɗai, na tsaya da shi a hannu a bakin ƙofa, sai na ji tarin Maj daga ɗaki.

Talata, 14 ga Nuwamba

Ranar koyon magana a asibiti. Kullum a mota nake jira da jarida, yau sanyi ya yi yawa, sai na bi su ciki. Don sanyi ne kawai.

Malamar, Annika, ta nuna mata hoton jirgin ruwa. Maj ta fara kokawa da kalmar, ni kuwa na faɗa mata ita. Aka nuna cokali, na sake faɗa. Annika ta ce, "Rune, ita na tambaya." Na ce ai taimaka mata nake. Ta ce, "Tun watan jiya take faɗin waɗannan. Tana buƙatar a jira ta ne, shi ke nan."

Tun watan jiya.

Na kama bakina. Aka yi shiru mai tsawo, har na ji kunya a madadinta, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Maj ba ta kalli hoton ba. Ni ta nuna da yatsa, leɓenta yana rawa.

"Tso… tsoho." Ta huta. "Su… surutu."

Annika ta tuntsire da dariya. Maj ba ta yi ba, amma ta bar ni na sa mata hula da muka fito.

Muryar ta yi kauri, ta dushe, tana jan ƙafa. Ko kusa ba ta kama da waccan. Na ce da Annika mako mai zuwa ma wataƙila in shigo, in sanyin bai ragu ba.