Bishiyoyin da Baba Ya Kashe a Takarda

Zuwa ga Farfesa,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina lafiya. Ki gafarce ni da na yi karambanin rubuto miki. Sau uku ina farawa ina yagewa. Ni ce autar mai yi muku awon bishiyoyi a tsohon daji, wadda ke laɓewa bayan ƙofa in kun zo daga ƙasarku. Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. Mun gode da ta'aziyyar Baba da kika aiko.

Makon jiya hukumar gandun daji ta liƙa sanarwa cewa za a ba masu katako ɓangaren arewa. Hujjarsu rahotonku ne, wanda ya ce manyan bishiyoyi goma sha ɗaya sun mutu a wurin cikin shekara shida. Wai gara a sare sauran kafin su ruɓe.

Farfesa, ba su mutu ba. Da muke kwashe kayan Baba na tsinci wani littafi a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin leda. Lambobinsu duka suna ciki, da awon kowace shekara har bara. Na je da ƙafata wurin bishiya mai lamba 214. Tana nan tsaye, ganyenta shar.

Da na nuna wa Inna sai ta ce, "Mutum yana kabarinsa za ki tona masa asiri? Mayar da shi inda kika ɗauko." Ban mayar ba. Ban kuma san abin da zan yi ba.

Ki huta lafiya.
Autar mai awo

*

'Yata,

Na gaishe ki, ki gaishe mini da Innarki. Na tuna ki sarai, ke ce mai leƙe da ido ɗaya. Ki yi haƙuri da Hausata, mahaifinki ne ya koya mini, kuma kullum cewa yake harshena ya fi itacen dajin tauri.

Wasiƙarki ta girgiza ni. Shekara ashirin da uku yana aiko mana da awo, masana a ƙasashe goma sha huɗu suna dogaro da shi. Ban taɓa kama shi da kuskuren ko santimita ɗaya ba.

Ba zan ɓoye miki ba: dole in gyara rahoton. Amma hukumar ba za ta saurare ni ba sai ta ga littafin, shi kuwa naku ne. In ya fito, allon da muka shirya kafawa da sunansa a tashar bincike ba zai kafu ba, wasu ma za su yi shakkar duk aikinsa. An ce za a fara sara ƙarshen watan gobe. Ki yi shawara da Innarki. Kuma in kin san abin da ya sa ya yi haka, ina roƙonki ki faɗa mini.

Taki,
Farfesa

*

Zuwa ga Farfesa,

Bayan gaisuwa da ladabi, na sami amsarki, na gode.

Na tambayi Kawu Direba, wanda ke kai ku dajin. Da farko ya ce, "Ke 'yar nan, jarrabawa ce a gabanki ko binciken 'yan sanda?" Daga baya ya kashe rediyon motar ya faɗa mini. Ya ce shekarar da kuka sa taswirar dajin a intanet domin masanan duniya su gani, ɓarayin katako ma sun gani. Da waya a hannu suka shigo, ba su ɓata hanya ba, suka kayar da bishiyoyi uku mafiya girma. Baba ya wuni zaune a kan kututturen ɗaya. Ya rubuta wa ofishinku yana roƙon a ɓoye wuraren da manyan bishiyoyin suke, aka amsa masa cewa ilimi na kowa ne. Tun daga nan, duk bishiyar da ya ga ɓarayi sun fara yi wa shawagi sai ya rubuta ta mutu, ku kuma ku cire ta daga taswira. Kawu ya ce Baba yakan ce, "Yau ma na yi kisa, Allah ya yafe mini."

Ga littafin nan na haɗo. Inna ta ga ina naɗe shi, ba ta hana ni ba, amma kwana huɗu ke nan ba ta kira sunana ba.

Ki huta lafiya.
Autar mai awo

*

'Yata,

Gaisuwa gare ku duka. Hukumar ta ga littafin, ta aika an duba, ta janye sanarwar. Abokan aikina sun yarda a daina nuna wurin kowace babbar bishiya, a dajinku da sauran dazuzzuka. Maganar allo kuwa na yi iya ƙoƙarina, sun ƙi.

Na binciko wasiƙar da mahaifinki ya rubuto a lokacin. Ni ce na ba shi waccan amsar, a layi biyu, ina sauri. Ki faɗa wa Innarki haka, kada ki rage komai.

Taki,
Farfesa

*

Zuwa ga Farfesa,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta wa Inna wasiƙarki. Da na gama sai ta ce, "Ina tef ɗin awon Babanku?"

Ranar Asabar muka je wurin 214. Mutum ɗaya ba ya iya zagaye ta da tef, shi ya sa Inna ta riƙe bakinsa a kan jan fentin da Baba ya shafa, ni na zagaya. Tana ta ce mini, "Ja da kyau, Auta, shi ba ya barin sa ya saki." Ta ƙaru da santimita biyu.

Saura goma. Ban ƙware ba tukuna, amma in kin ba ni izini, zan so in sake rubuto miki in mun gama auna su.

Ki huta lafiya.
Autar mai awo