Ranar Da Na Taɓa Ƙarfen Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Daga Camberwell, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, nake rubuto miki, kuma ƙara na kawo.

Inna, kishi nake yi. Kishin wata mata da ban taɓa gani ido da ido ba, 'yar ƙasar Taiwan, mai wasan ɗaga ƙarfe. Ba zan rubuta sunanta ba, ya ishe ni jin sa a flat ɗina safe da yamma.

Takwararki Ummi, 'yata, wadda kika bari tana rarrafe, ta zama budurwa, kuma ɗaga ƙarfe take yi. Wannan matar ce ta ja ta. Hotonta na manne a bangon ɗakin Ummi daidai inda naki yake a da, naki ya koma kan durowa. Ummi ta san duk ƙasar da matar ta je gasa, ta san inda ta ci zinariya, ta san lokacin da ta ji mummunan rauni har aka ce tata ta ƙare, ta sake dawowa. Amma tambaye ta sunan unguwarmu a Zariya, sai ta tsaya tana kallon silin. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, sai ga shi ta iya cewa "na gode" da yaren mutanen can. Har rusunawar da matar ke yi in ta ajiye ƙarfe Ummi ta kwaikwaya, ni kuwa a tsaye ƙiƙam ake gaishe ni.

Na zauna na kalli matar a waya ina neman aibunta. Ba ta da wani jiki, ga fara'a, ga natsuwa, ta ɗaga abin da ya ninka ta ta tsaya ƙyam. Ban samu aibun ba, abin ya ƙara ba ni haushi.

Kin tuna bakin famfo? Wata baƙuwa na kokawa da bokitinta, ni ina tsaye na zuba mata ido. Kika ajiye naki kika ɗora mata, kika juyo kika ja mini kunne har sai da na yi ƙwalla. Kika ce, "Ba a kallon mutum yana fama da kaya." Tun daga ranar hannuna ke riga ni zuwa. Ko a bas na ga tsohuwa da jaka, sai na kama mata.

To, wannan hannun ne ya ja mini. An shirya 'yar gasa a wani tsohon sito a Old Kent Road, Ummi ta gayyace ni karon farko. Na yi musayar ranar aikina da wata a asibiti, na sa atamfata mai kyau, na zauna a layin gaba. Aka kira ta. Ta kai ƙarfen ƙirji, ta cilla shi sama, sai na ga hannayenta na rawa, fuskarta ta yamutse. Inna, wallahi ban san lokacin da na hau dandamalin ba. Sai ji na yi ina cewa "Sannu, kawo," na tallafe mata gefe guda.

Fitilar alƙalin wasa ta yi ja. A dokarsu ba mai taɓa ƙarfe sai mai ɗagawa, aka yi cancel ɗin ɗagawar. Ashe saura ƙiris alƙali ya ba ta alamar ta ci.

Muka hau bas muka dawo. Sai a ƙofar gida Ummi ta faɗa da Turanci, ba tare da ta kalle ni ba, cewa waccan 'yar Taiwan ɗin ba mai kama mata, shi ya sa ta kai inda ta kai. Maganar ta soke ni. Na goya yarinyar nan a dusar ƙanƙara, na yi jinyarta, amma yau wadda ba ta san da ita a duniya ba ce abin koyi, ni kuma abin kunya. Makonni tana fita da jakarta ba ta ce mini ga inda za ta ba, na fara tsoron ta rufe mini wannan ƙofa ke nan.

Shekaranjiya tana shirin wata gasar, ta fito falo da ɗamarar fata irin wadda suke ɗaurawa a ƙugu. Ta miƙo mini, ta juya baya, ta ce da gurguwar Hausarta, "Mama, ɗaure mini. Wannan an yarda." Ta ce in zo, amma in zauna a kan hannuna.

Na duba ɗamarar, irin ta 'yar Taiwan ce sak, har launi. Na yi bisimilla, na ja ta tamau yadda kike ɗaure mini zani. A wurin gasar na zauna a kan hannuwana har suka yi tsami, ina kallon jikarki tana fama da kaya. Ki yafe mini, Inna. Ta ɗaga.

Allah ya jiƙan ki, ya kai haske kabarinki, ya sauke miki nauyi kamar yadda kika sauke wa mutane. Ita kuma waccan matar, Allah ya ba ta lafiya. Iyakar abin da zan iya roƙa mata ke nan tukuna.

Taki har kullum,
Binta