Katakon Ɗakina Ke Kuka, An Ce Aljanuna Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a grup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Libreville bara. Mijina a shagon wansa yake zama a Akébé, wan nasa da muke ce wa Yaya Alhaji shi ya ɗauko shi daga gida, shi ya yi masa takardun zama, shi ya ba mu wuri a gidansa na Angondjé. Gidan a gangare yake, akwai ɗaki da falo da rabinsu ke cikin ƙasa, a nan susol suke cewa, to nan aka ajiye ni. Yaya Alhaji da iyalinsa da Hajiya mahaifiyarsu suna sama. Daɓen ɗakin ba tayil ba ne, katakon nan ne na kamfani da ake harhaɗawa, parke. Lokacin da aka kawo ni duk baƙon da ya zo sai Yaya Alhaji ya sauko da shi ya gani, yana faɗin ai shi ya tsaya a kan aikin da kansa.

Ruwa na kankama katako ya fara magana, kuma ruwan garin nan ba irin namu ba ne, in ya fara ba ya sanin ya isa. In na taka ya ce ƙiii, in na ɗaga ƙafa ya ce ƙas, daga baya ko ba a taka ba sai ka ji ya yi ƙara shi kaɗai, tsakiyar falon ta kumbura kamar burodi. Ba abin da ban yi ba. Na zuba hodar jarirai a tsagogin kamar yadda na gani a waya, na shimfiɗa kafet, na ja gado na canza masa wuri, na daina goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, duk a banza.

Wata la'asar Hajiya ta sauko ina salla, tana zaune tana jira na sai katakon ya yi ƙas a bayanta inda ba kowa. Wallahi ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba. Daga ranar zance ya canza, wai kafin a kawo ni ɗakin shiru yake, wai a bincika ko a danginmu akwai masu iska. Aka hana yara saukowa wurina, in na yi girki na aika sama kwanon yakan dawo yadda ya tafi. Da na yi ɓari watan jiya, ina kwance ko ƙarfin tashi ba ni da shi, ina jiyo Hajiya a kan bene tana gaya wa 'yan dubiya ai ga shi nan, abin da ke tare da ni ne ya sha cikin. Wannan maganar har in mutu ba zan manta da ita ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Garwa, mijinta irin katakon yake sayarwa, ita kaɗai ke shigo mini. Ta tambayar mini shi, ya ce in duba abu biyu, ko an shimfiɗa leda tsakanin siminti da katakon, da kuma ko an bar ɗan fili a jikin bango, don katako yana shan danshi ya buɗe, in bai sami wurin miƙewa ba dole ya yi ƙara. Na ja wadirob, na sa wuƙa na ɓamɓare katakon gefen bango, na ɗaga katakon daɓen na ƙarshe. Babu leda ko ƙyalle, simintin sharkaf, bayan katakon ya yi baƙi da fumfuna, kuma an matse shi da bango ko allura ba za ta shiga ba. Na zauna a wurin na yi kuka, na farin ciki ne ko na takaici ni ma ban sani ba.

Da mijina ya dawo na nuna masa, ina zaton zai ruga sama da shi. Ko mamaki bai yi ba. Ashe ya sani. Wai dab da biki aka zuba simintin, mai aikin ya ce a bari ya bushe, a sa leda, a bar fili, Yaya Alhaji ya ce biki ba zai jira siminti ba, filin kuma gidan kyankyasai ne. Shi mijin nawa da hannunsa ya riƙa miƙa katakon. Na ce masa to me ya hana ka faɗa, kana ji ana ce mini mai aljanu, kana ji ana ɗora mini mutuwar ɗanka? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki rufa mini asiri ki mayar da shi. In Yaya ya ji kunya a gaban mutane, ina kike so mu kwana?"

Yanzu an ce ranar Juma'a za a kawo malam ya yi mini ruƙiyya a ɗakin, a gaban kowa. Mijina wai in daure, ai Alƙur'ani ne ba zai rage ni da komai ba. Ni ban ƙi Alƙur'ani ba, amma na san karatu ba ya busar da siminti. Katakon zai ci gaba da kuka, a ce aljanun masu taurin kai ne, kuma na riga na ji Hajiya tana cewa in abin ya ƙi sai a mayar da ni gida neman magani. Kun san irin wannan tafiyar ba a cika dawowa ba, kuma sunan zai riga ni isa Kano.

Ban mayar da katakon ba, yana cikin wadirob na naɗe shi da zani. In na fito da shi ranar Juma'a na wanke kaina, amma na tozarta mutumin da muke ci a hannunsa, wataƙila mijina ya rasa shago da wurin kwana, ya ce ni na jawo. 'Yan uwa ku gaya mini tsakani da Allah, in ajiye wa malam katakon a gabansa, ko in zauna a tabarma a yi ta tofa mini, daɓe yana ƙara a ƙarƙashinmu, mijina da ya san komai yana gefe yana cewa amin?