Sunan da Kawu ya buga a jikin fata

Daren Laraba, Birni

Na gaji, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Tun farko na ce wa Kawu Isa a sa www a gaban sunan shafin shagonsa na intanet. Ya ƙi, wai ya yi tsawo. Gajeren sunan ya buga a jikin jakunkunan fata.

Yau da hantsi kamfanin da ke ajiye mana shafin ya canza lambar na'urarsa. Suna mai www ya bi sabuwar lambar da kansa, gajeren kuwa ya maƙale a tsohuwa, ya mutu. Wata mai saye daga Yamai tana ta kira, shafi ya ƙi buɗewa.

Kawu ya ce, "'Yata, to jakunkunan nan fa?"

Na gyara lambar, na sa gajeren ya riƙa tura mutane zuwa www. Kafin la'asar ya buɗe.

Da yamma, a gaban abokansa dukawa, ya nuna ni ya ce, "Ramatu ce injiniyar gidan nan." Shi da ke kiran karatuna wasan telefon! Na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Wallahi na ji sarai.