Gidan da Ke Cikin Hoton Ba na Ingila Ba Ne

Hajiya Hajara, ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Rabona da kwanciyar hankali tun ranar da wani hoto ya shigo gidana.

Ni malamar makaranta ce a Gusau, shekarata ashirin da biyu ina koyarwa. Ɗana na fari, wanda kin san bakina ba zai faɗi sunansa ba, ya tafi Ingila karatun haɗa magunguna shekara uku da suka wuce. Haka dai aka gaya mana. Tun yana goye ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, don haka muka taso muka tarar ana yi wa ɗan fari. Mahaifinsa yake rubuto wa wasiƙa, a can ƙarshe ya ce a gaida mutanen gida. Ni ce mutanen gidan. Wasiƙun kuma ba ta gidan waya suke zuwa ba. Ƙanen mijina, Alhaji Tukur, mai zuwa fatauci Landan, shi ke kawo su da hannu.

Watan jiya ya kawo wasiƙa da hoto guda, na farko a shekara uku. Mahaifin yaron ya zaga da shi Bungudu kaf, inda ya koma noma tun da ya yi ritaya, ana ta taya shi murna. Sai da kowa ya gama shafa shi sannan ya iso hannuna.

Hajiya, na zauna a Ingila shekara guda cur, a 1984, wajen kwas na malamai. Na san gidajensu kamar yunwar cikina. Jan bulo ne, a jere, manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kina ji. Bene mai ƙunci, bututun hayaƙi a kan kowane rufi, ƙofa a bakin titi da ɗan ramin jefa wasiƙa. Komai nasu an gina shi ne don a tsare ɗumi kada ya fita. Har banɗaki sukan shimfiɗa wa kafet, abin da har yau ban yafe musu ba.

To gidan da yaron nan ya tsaya a gabansa na katako ne, an ɗora shi a kan dirkoki, akuya za ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta sunkuya ba. Rufin kwano ne irin namu. Baranda ta kewaye shi, ga ragar sauro a ƙofa, ga ƙaton tankin tara ruwan sama a gefe, ga fili har inda ido ya tsaya. Shi kuwa yana sanye da 'yar shara, inuwarsa a ƙarƙashin ƙafarsa. A kusurwar hoton na'urar ta buga kwanan wata: 25 ga Disamba, 1997. Ni da na yi Disamba a Ingila, sai da na haɗa rigar sanyi uku, kuma ƙarfe huɗu na yamma an kunna fitila. Wa za a raina wa hankali?

Da fari na zaci bai bar ƙasar nan ba, yana ɓoye a wani tsohon gidan Turawa a Jos. Sai na ɗauki hoton na tafi Tsafe wurin mijin ƙawata, Dakta Abdullahi, likitan dabbobi, wanda ya yi yawon karatu ƙasashe. Na rufe fuskar yaron da yatsa, na tambaye shi ko ina ne nan. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce Ostireliya ce, can arewacinta, ya zauna a gida irinsa. Ya nuna mini abin shanya mai kama da ƙashin lema a bayan gidan, ya ce kusan kowane gida a can yana da shi. Ya ce su zafi suke gudu, shi ya sa suke ɗaga gida iska ta ratsa, kuma Disamba ce tsakiyar bazararsu. Ya ƙara da cewa Musulmi da yawa na samun aiki a mayankar ƙasar. Wannan ƙarin nasa ne ya fi damuna.

Na dawo na tari Alhaji Tukur. Ya yi 'yar dariya ya ce Turai ai duk Turai ce, mata da bin diddigi, boko ne ya yi mini yawa. Mutumin da ke kiran kowane Bature ɗan Landan shi zai koya mini taswira! Amma na lura, bai haɗa ido da ni ba.

Yanzu zato iri-iri nake yi. Ko an kore shi daga makaranta ne? Ko wata ce ta ja shi can? Ko ɗan da muka tura ya zama mai ilimi yana can yana fiɗar tumaki, baffansa na rufa masa asiri? Mahaifinsa na da hawan jini, kuma duk Bungudu baban dakta ake kiransa. Saura mako uku Babbar Salla, dangi duk za su hallara. Raina na gaya mini in ajiye hoton nan a tsakiyar tabarma, in sa Tukur ya yi bayani a gaban kowa. Wani sashen kuma na ce mini ba hurumina ba ne, uwa ba ta shiga maganar ɗan fari. In na yi shiru kuma, ina tsoron ɗan nan ya ɓace mini gaba ɗaya, ban ma san a wace ƙasa zan neme shi ba. Me zan yi?

Uwa Mai Ido, Gusau

Malama, sannu da wannan nauyi.

Game da gidan, ba zan yi miki musu ba. Abin da kika gani da abin da Dakta ya tabbatar sun isa. Ba a tsayawa da 'yar shara a Ingila ranar Kirsimeti. Amma hoto ya gaya miki inda yake ne kawai, bai gaya miki dalili ba. Yana iya yiwuwa hutu ya je. Yana iya yiwuwa ya sauya makaranta. Yana iya yiwuwa kuma abin da kike tsoro ne, karatun ya watse ya kama aikin ƙarfi. Ko da hakan ne, aikin mayanka halal ne, kuma wanda ya faɗi jarrabawa ba gawa ba ne.

Kada ki kai maganar taron Salla. Za ki kunyata Alhaji Tukur, wannan gaskiya ne, amma wanda zai faɗi a wurin mijinki ne, a gaban mutanen da ya yi wa alfahari. Shi kuwa yaron, in labari ya iske shi cewa an yi taro a kansa, zai iya yanke ko wasiƙar da yake aikowa. Shi ma Alhajin, bai kyauta ba da ya yi miki dariya, amma mai yiwuwa alkawari aka ɗora masa yana fama da shi.

Ga abin da ya tsaya mini. Yaron nan ya san uwarsa ta zauna a Ingila. Wanda ke son ɓoyewa, cikin ɗaki zai ɗauki hoto, ya jingina da bango. Shi ya fito fili, gida gaba ɗaya a bayansa. Ko dai ganganci ne, ko kuma ya aiko wa mutum ɗaya da ya san zai gane, don ya rasa bakin faɗa wa mahaifinsa. Ban san wanne ba ne, ke ma ba ki sani ba, sai an tambaya.

Alkunyar ɗan fari tarbiyya ce mai kyau, ba ni raina ta. Amma an yi ta ne don ɗan da ke gabanki, kina ganin cinsa da shansa, ko ba ku yi magana ba. Iyayenmu ba su yi ta da teku a tsakani ba. Ki rubuta masa da hannunki. Ki gaya masa kin gane gidan. Kada ki jera masa zarge-zargen da kika jera mini; ki tambaye shi lafiyarsa, da abin da yake ci, da abin da ya faru. Ki ce duk abin da ya faɗa miki, ku biyu za ku san yadda za a sanar da mahaifinsa.

Ki sami Alhaji Tukur shi kaɗai, ba da faɗa ba. Ki ce ba asirin kowa kike nema ba, adireshi kike so, ko lambar waya. In ya ƙi, ki ba shi wasiƙar a liƙe, ki kuma aika kwafinta ta gidan waya zuwa makarantar da aka ce yaron yana yi. Ki ba yaron wata biyu. A tsakanin nan ki sa a duba jinin mijinki. In amsa ba ta zo ba, ki gaya masa abin da kika gani, a ɗaki, ke da shi, don ɗansa ne, ba za a ɓoye masa har abada ba.

Kuma a saman takardar, ki rubuta sunansa. Babu mai ji sai shi.

Allah ya tsare shi a inda yake, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ku yi Salla lafiya.

Hajiya Hajara