Gayyar da ta kai Rabi lakwal

Zuwa ga abokina Kaporal Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ne Isuhu, wanda ka koya wa baƙaƙen boko da tsinke a kan rairayin gulbi, kana dungure mini kai duk lokacin da na juya harafi. Yau ga shi da hannuna nake rubuta maka. In ka ga kuskure, laifin malamin ne.

Shekara uku ke nan da motarku ta kife a hanyar arewa, kuna kai wa masu yunwa hatsi. Har gobe in na ji ƙarar babbar mota sai na ɗaga kai. Amma ba kuka na zo yi maka ba. Labari na kawo, kuma na san da kana nan sai ka riƙe ciki don dariya.

Ka tuna gonarka ta hanyar Badagishiri? Mu sa'anninka muka sami Inna, mahaifiyarka, muka roƙe ta ta bari mu riƙa noma ta gayya kowace damina. In an cika mata rumbu, da sauran a ɗauki yaro ɗaya daga ƙauyenmu a sa shi lakwal, makarantar boko, a Illela da sunanka, hatsin ya ciyar da shi a gidan da zai sauka, a sayar da wani a yi masa littattafai da sutura. Kai ne kullum kake cewa wanda ya iya karatu ba a yi masa awo a bayan ido. Inna dai ta daɗe tana jin haushin lakwal, don lakwal ce ta fara raba ku. Duk da haka ta ce mu yi.

Ranar gayya, Hamidu, ka yi rashi. Makaɗi ya zo, Mamman maƙeri ya wasa hauyoyi kyauta, mata suka yi ta jigilar fura. Ko ni da ka sani da son inuwa na yi noma har ƙarshen kuyya. Ruwa ya yi kyau, gero ya yi kai, muka ɗaure damma har hannu ya yi kanta.

To, sai muka yi wauta. Don a girmama ka, muka aika wa abokin aikinka, Sarjan Sumana, ya zo ya zaɓi yaron da kansa. Shi ma don girmama ka sai ya zo cikin kaki, takalmi na ƙyalli, ga takarda da biro a hannu. Ya tsaya ƙofar maigari ya ce a ba shi sunayen 'yan shekara bakwai.

Ka san mutanenmu. Kaki da takarda ba su taɓa zuwa garin nan da alheri ba, ko haraji ko ɗaukar soja. Kafin Sarjan ya gama gaisawa, babu yaro ko ɗaya a fili. Wasu an cusa su rumbu, wasu an naɗe su a zana, wasu an ce sun tafi ganin kaka a Bazaga alhali kakar na zaune tana kallonmu. Matata Hajo, matar wanda ya shirya abin, a cikin randa ta ɓoye ɗanmu. Sarjan ya ci tuwo ya koma da takardarsa fara fat.

Sati biyu ina bin gida gida ina rantsuwa. Wanda na yi wa bayani sai ya ce ya ji, amma ɗansa na ciwon ido. Diraktan lakwal kuma ya aiko cewa in kasuwar Illela ta sake ci, ya rufe ɗaukar suna. Nan fa na ji tsoro ƙwarai. Ga hatsi, ga niyya, babu mai karɓa, sunanka na shirin zama abin ba'a a bakin rijiya.

Ana gobe kasuwa Inna ta fito da kanta, har maƙerar Mamman inda maza ke hira, riƙe da gwangwanin da take ajiye wasiƙunka, waɗanda nake karanta mata kowace Juma'a. Ta ce, "Lakwal ta ɗauke min ɗa, amma ita ta maido min muryatai cikin takarda. Isuhu ɗai ka karanta min su. In ya bi abokinai, wa za shi karanta min?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mamman ya ajiye masaba, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "To ku ɗauki ɗiyata Rabi. Ko ƙarya kuka yi, ai ba a kai mace soja." Ka ji fa, har lokacin bai yarda da mu ba. Haka muka ɗora ta bisa jaki da ƙullin kayanta, ba ta ko waiwayo ba.

Da aka ba su hutun damina ta dawo, baki cike da Faransanci, tana gaida awaki da bonzhur. Bana kuwa mutum biyar sun riga sun yi mini magana a kan 'ya'yansu, har da Hajo, ba kunya.

Juma'ar da ta wuce Inna ta miƙa wa Rabi wasiƙarka ta farko. Yarinya ta ɗora yatsa tana bin baƙi ɗaya ɗaya, tana tuntuɓe. Duk inda ta tsaya sai Inna ta ƙarasa mata, don ashe ta haddace wasiƙun tun tuni. Da suka kai inda ka ce ta daina damuwa, kana cin abinci da kyau, sai ta yi dariya ta share ido, ta ce wa yarinyar ta sake daga farko. Ni ina gefe, ba wanda ya neme ni, kuma ban taɓa jin daɗin rasa aiki kamar ranar ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya kai maka ladan kowane baƙi da Rabi za ta karanta. Ya ƙara wa Inna lafiya, ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Ni ne naka har kullum,
Isuhu