Mintsini a Gwiwar Hannu

Litinin. Aikin farko: goge makirfo, canza soson bakinsa.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe mini da Inna da Anti da Auta.

Tunda likita ya hana ka magana bayan aikin maƙogwaron nan, kai kuma ka rantse yatsunka sun yi wa waya girma, na ga gara in riƙa rubuto maka a takarda, direban da ke bi ta wajen Inna ya miƙa maka.

Mun fara ɗora muryar Hausa a zango na uku na katun ɗinmu, wasan zanen nan na yara. Darakta ta kawo wani saurayi ya riƙe maka tsohon Maƙeri kafin ka dawo. Muryarsa garau, kamar mai karanta labarai, ko tuntuɓe ba ya yi. Sai dai an raba mu. Shi ya zo da safe ya karanta nasa, ni in zo da rana in yi gurnanin dodonsa Garwashi a kan abin da ya bari. Injiniya mai ɗaukar sauti ya ce haka ake yi ko'ina, mu ne kawai muka saba cunkushewa a makirfo ɗaya tun zamanin da babu na biyu.

Da na saurari abin da muka ɗauka, sai na ji wani abu ya ɓace. Na koma na kalli zango na farko don in gane. Ka tuna inda dodon ke hura wa tsohon wuta a maƙera maimakon zugazugi, wutar ta fito 'yar mitsitsiya? Ka ce, "Kai, wannan wuta ce ko hamma?" Kafin ka rufe baki na yi huci, toka ta cika wa tsohon gemu. To, a ɗakin ɗauka ai mintsinina ka yi a gwiwar hannu kana cikin kalmar ƙarshe. Kullum haka kake yi. Shi ya sa hucin ke faɗowa a kan jelar maganarka, kamar dodon ya san abin da za ka ce. Yanzu sai na ji an gama magana nake amsawa. Garwashi ya koma kamar baƙo mai jin kunya.

Wataƙila ni ne ban iya ba, kai ne ke rufa mini asiri duk shekarun nan. Me likita ya ce game da dawowarka?

Allah ya ba ka lafiya.
Ƙanenka.

*

Akawu sarkin tsari,

Wa alaikumus salam. Mutum ya rubuto wa yayansa wasiƙa ya fara da goge makirfo! Ni ne makirfon?

Jiki da sauƙi. Inna ta mayar da ni jariri, ba abin da ake ba ni sai mai ruwa-ruwa. An rataya mini ƙaramar ƙararrawa in kaɗa idan ina son abu, Auta ta sace ta tana kiran kaji.

Mun ga kashi na farko na sabon zangon a talabijin. Inna, wadda har yau take kiran Garwashi ƙadangare mai fiffike, ta kalla, can ta ce, "Waɗannan biyun faɗa suka yi ne?" Ka ji fa. Tsohuwa ma ta gane.

Amma kada ka ɗora wa kanka duka. Marubutan ma sun fara zari a zangon nan: dodanni sababbi har ba ka gane na wa da na wa, yaƙi a sama, yaƙi a ruwa. Abin da ya riƙe mutane ba yaƙi ba ne. Tsoho ne mai faɗan tsiya wanda bai taɓa cewa na gode ba, amma duk yamma sai ya zaɓi gawayi mafi kyau ya tura ƙarƙashin fiffiken dodon, ya yi kamar faɗuwa ya yi. Dodon kuma ya yi kamar barci yake. Ko kalma ba su ƙara a kai ba. Wanda ya rubuta wannan ya san zaman tare.

Saurayin nan yana yi wa Garwashi faɗa kamar da gaske yake. Ka gaya masa faɗan ƙauna ne, ya rage gishiri.

Ka ci abinci, ka daina kallon hannunka kana neman tabo.
Yayanka.

*

Laraba. Aikin farko: jera takardun kashi na shida.

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da amsa. Na karanta wa Injiniya maganar Inna, ya yi dariya har ya dafe injinsa.

Na gaya wa saurayin batun gishiri. Ya rage, sai tsohon ya koma kamar maras lafiya. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa tsayawa kusa da ni ba, sau ɗaya ma muka haɗu a bakin ƙofa.

Ga abin da ya sa na rubuto da wuri. Gidan talabijin sun kira Darakta, sun ce iyaye na ƙorafi yara sun daina zama su kalla. Ta kira ni ofis ta ce kafin ƙarshen wata tana son sanin ranar dawowarka. In ba rana, za ta bar wa saurayin Maƙeri gaba ɗaya, ta cire sunanka daga jadawali. Ba da faɗa ta faɗa ba, idonta ma a ƙasa yake. Na ce mata kana tafe. Ban san ko na yi daidai ba.

Wani abin kunya kuma. Don in gyara saurin hucina, na fara shiga ɗakin ɗauka lokacin hutun rana, in karanta maganar Maƙeri da kaina, in mintsini kaina, in yi gurnani. Jiya ashe Injiniya na zaune bayan gilashi, injin a kunne. Ya leƙo ya ce, "Akawu, yaushe ka haɗiye yayanka?" Ya ce har yadda kake jan numfashi kafin zagi na ɗauko. Ka san shi da zolaya, ban ɗauka da gaske ba. Na roƙe shi ya goge, ya ƙi.

Yaya, na lura ka amsa mini komai ban da tambayar likita. Na sake karanta wasiƙarka ko na tsallake layi, ban tsallake ba.

Allah ya ƙara afuwa.
Ƙanenka.

*

Akawu,

Wa alaikumus salam. Kai dai ba a ɓoye maka abu, da ɗan sanda ka zama da ɓarayi sun shiga uku.

To ga ta. Tun makon jiya likita ya ce in fara magana kaɗan-kaɗan. Na jira Inna ta idar da sallah, na ce zan gaishe ta da bakina ta ji daɗi. Abin da ya fito ba gaisuwa ba ce. Ka san ƙofar shago mai tsatsa idan ana jan ta a kan siminti? Shi ne. Auta ta rugo daga tsakar gida tana ihu, "An kunna Garwashi! An kunna Garwashi!" Ta tsaya gaban talabijin, ta ga a kashe take, ta juyo tana kallona.

Na yi dariya, Inna ta yi. Daga nan na shiga banɗaki na daɗe.

Likita ya ce ciwon ya tafi, alhamdulillahi, kuma zan iya magana ba tare da na ji wa kaina ba. Amma muryar da ka sani ba za ta dawo ba. Wannan ce tawa yanzu.

Ka gaya wa Darakta ta ba yaron. Kada ka roƙe ta, na san halinka. Zan sami abin yi, hannuwana lafiyarsu lau. Kewar tsohon nan kawai nake, da warin soson makirfon da kake gogewa ba ya fita.

Ka kula da dodona.
Yayanka.

*

Asabar. Aikin farko: ban yi ba. Na zauna da wasiƙarka.

Yaya,

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi da ciwon ya tafi. Wannan ya fi komai, na fara da shi don kada ka ce ban ji ba.

Ban kai wa Darakta saƙonka ba. Ka yi haƙuri. Wannan takardar ma sai da na yaga wasu kafin ita.

Auta ba ta yi kuskure ba. Ni gurnanin nan ƙirƙirarsa nake yi, in matse wuya, in sha ruwan ɗumi, in wuni da tari. Kai yanzu naka na Allah ne. Kuma ba wanda ya san lokacin da Garwashi ya kamata ya yi huci kamarka, tunda kai kake ba ni lokacin. Ka karɓe shi.

Saura Maƙeri. Ka tuna ranar da ka fara kawo ni wurin nan? Na ce ba zan iya ba, ni da ko a aji aka ce in tashi in yi karatu sai in nemi wurin ɓuya. Ka ce, "Zo, wannan aikin ba sai ka yi magana ba." Na zo, na ɓuya a bayan dodo har gashina ya fara fari. Jiya na ce Injiniya ya kunna wa Darakta abin da ya ƙi gogewa. Na tsaya a waje, ban iya shiga ba. Da ta fito ta ce za ta gwada mu kashi ɗaya, mu biyu tare, ni Maƙeri kai Garwashi, in ka yarda. Saurayin za ta ba shi sarkin yaƙin sama, ta ce can muryarsa ta dace.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron in lalata tsohon da ka gina, ina kuma tsoron ka ji kamar ragowa na miƙo maka. Idan na yi rashin kunya, ka yaga takardar, ba zan sake tayar da zancen ba.

Ƙanenka.

*

Tsohon Maƙeri,

Wa alaikumus salam. Rashin kunya kam ka yi. Na gwada huci a gaban Inna, mayafinta ya motsa, ta ce a fitar mata da ƙadangare daga ɗaki.

Ina tafe Talata da motar safe. Ni zan tsaya hagu yanzu, kai dama. Mintsini ya koma hannunka, ka rama a hankali, ni maras lafiya ne. Kuma ka yanke farce.

Garwashi.

*

Litinin. Aikin farko: karanta kashi na tara da ƙarfi, a tsaye.

Yaya,

Assalamu alaikum. Wannan ba sai direba ya kawo ba, hannu da hannu zan ba ka a tasha.

Na karanta kashin har ƙarshe. Akwai wurin da tsohon ya kusa cewa na gode, ya buɗe baki, sai ya ɓige da, "Matsa, ka tare mini haske." Nan ne kawai muryata ke rawa. Idan ta yi rawa gobe, ka yi huci da wuri ka rufa mini.

Allah ya kawo ka lafiya.

Abin da ya rage na gobe:
Ruwan ɗumi a fulas, naka ne yanzu.
Sabon soso, kodayake ka ce warin ba ya fita.
Yanke farce. Na yi na hagu, sai na tuna da shi zan mintsine ka, na sake bi.
A ce wa Injiniya ya fitar da makirfo na biyu daga ɗakin, ɗaya ya ishe mu.

Ƙanenka.